Kwanon Baba Ɗan'azumi a Bayan Labule

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da na kusa kashe dattijo da yunwa ba, alhali abinci na gabansa har ana zubarwa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kuna ganin furfurata kuna cewa ai Malam Lawal ya san manoma kamar yunwar cikinsa. To, ku gyara zama ku ji ranar da wata mata da ba ta jin ko sannu da Hausa ta koya mani aikina.

Lokacin ina malamin gona a shiyyar Faskari, ina mataki na goma. Ga wanda bai san aikin ba, malamin gona shi ne tsani tsakanin ofis da manomi. Ana ba ka ƙauyuka, ka hau babur ka zagaya su, ka kafa gonar gwaji, ka nuna tazarar shuka da lokacin zuba taki, ƙarshen wata ka rubuta rahoto. Ruwan Godiya na cikin ƙauyukana, kuma a wata unguwa da ke gefenta Baba Ɗan'azumi yake.

Baba Ɗan'azumi ya haura saba'in a lokacin, ni kuwa sa'an babban ɗansa ne. Bai yi boko ba, amma a kan irin dawa ban ga na biyunsa ba. Zai ɗauki zangarniya ya murza, ya gaya maka kaura ce ko farafara, da irin ƙasar da take so, da shekarar da ta ceci mutane daga fari. Yana adana iri cikin toka a tukwane, ya liƙe baki da laka, ya shekara uku ƙwaro bai taɓa shi ba. Daga Sabuwa har Ƙanƙara, in iri ya ɓace wa mutum, ƙofar gidansa ake zuwa.

Wata damina Darakta ya kira ni ofis. Ya ce wata ƙungiya a Amurka tana haɗa manoma masu adana irin gargajiya daga ƙasashe daban-daban, kwana goma, kuma an zaɓi Baba. Ni zan raka shi a matsayin tafinta.

Ya ce, "Lawal, amana ce. Yadda ka ɗauke shi haka za ka dawo mani da shi. Kuma ranar da aka ba shi ya yi magana, ina so duniya ta ji abin da muke da shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in sha Allahu ba za a ji kunya ba."

Kafin tafiya akwai takardar da ake cikawa ta lafiya da abinci. Na zauna da Baba na cika tasa. Yana da ciwon sukari, yana shan ƙwaya safe da yamma, na rubuta. Wajen abin da ba ya ci na rubuta alade da giya. Na sa hannu ina jin na gama aiki.

Muna sauka filin jirgi aka karɓe kilishi da garin geron da iyalinsa suka ƙulla masa, don dokarsu ba ta yarda a shiga da su ba. Dabino kawai aka bar masa. Aka kai mu masauki a jihar Minesota, kowa da ɗakinsa.

A nan matsalar ta fara, ni kuwa ban gani ba. Tsarin cin abincinsu shi ne a jera tukwane a dogon tebur, kowa ya ɗauki faranti ya bi layi, maza da mata, ya ɗiba da kansa. Wasu ma a tsaye suke ci suna hira. Ni da na taɓa zuwa kwas Ibadan da Nairobi, sai na shiga gaba ina nuna wayewa. In cika farantina, in juyo in ce, "Baba, bisimilla, zo ka ɗiba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗana. Ci abinka."

Jami'ar da ke kula da mu, wata Baturiya mai kirki, ta zo ta tambaya ko lafiya. Sai in ce mata ya ce ya ƙoshi. Ita kuwa ta ce to madalla, ta wuce. A wajensu in mutum ya ce a'a, matsa masa rashin ladabi ne.

Kwana na biyu na fara zargin tsoron alade yake yi. Na je har kicin na tambayo, na dawo na rantse masa cewa kifi ne da shinkafa da wake. Ya gyaɗa kai ya ce ya yarda. Da aka zo cin abinci, sai ga shi can gefe da kofin shayi. Na ce a raina tsofaffi dai sai haƙuri, ƙila yana cin wani abu a ɗaki. Wallahi ko sau ɗaya bai faɗo mani a rai in ɗauki faranti in kai masa ɗakin ba. Kwana huɗu dattijon nan yana kan shayi da dabino, kuma bai fasa shan ƙwayarsa ba.

Ranar Laraba da safe aka kwashe mu a bas zuwa gonakin wasu mutane da ake kira Hmong. Mutanen tsaunuka ne daga can wajen Lawos da Biyetnam, yaƙi ya raba su da ƙasarsu suka zo gudun hijira. Suna hayar 'yan filaye a bayan gari suna noman lambu da hannu. Baba na sauka ya ga kuɓewa da lalo da alayyafo, ya ga tsohuwa duƙe da 'yar fartanya, sai fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Lawal, ashe akwai mutane a ƙasar ga!"

Ya duƙa zai damƙi ƙasa ya ji laushinta, sai kawai na ga ya tafi gaba ɗaya. Inna lillahi! Na tare shi, jikinsa sharkaf da gumi. Nas ɗin da ke tare da mu ta auna jininsa, ta ce sukarinsa ya faɗi ƙwarai. Ta ɗura masa lemo mai zaƙi har ya dawo hayyacinsa. Sannan ta juyo kaina ta ce yaushe rabonsa da abinci. Na ce ni dai tun da muka sauka ban ga ya ci ba.

Jami'ar ta ja ni gefe ta gaya mani ƙa'ida. Lemon nan ɗan lokaci zai riƙe shi. In bai ci abinci sosai ba, aka sake aunawa da la'asar ba a ga daidai ba, asibiti za a kwantar da shi. Gobe Alhamis ƙarfe goma kuwa shi ne lokacin da aka ba shi ya yi bayanin adana iri, abin da ya baro gonarsa tsakiyar damina saboda shi. In ya wuce, ba wani lokacin.

Na koma wajensa har da ɗaga murya, Allah Ya yafe mani. Na ce, "Haba Baba! So kake ka mutu a hannuna? Me zan gaya wa iyalinka?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Ba za ni mutu ba sai kwana ya ƙare."

An riga an shirya cewa abincin rana a wani ɗan shago na mutanen Hmong ɗin za a ci, a hanyar komawa. Ƙaramin wuri ne, tebur shida ko bakwai, tsakanin wani mai wanki da wani mahauci ɗan Somaliya. Kana shiga ƙamshin citta da romo zai tare ka. An liƙa hotunan abinci a bango, kowa ya je gaban kanta ya nuna wanda yake so, a miƙo masa a tire. Layi kuma dai.

Na zaunar da Baba kusa da ƙofa, na je na tsaya gaban mai shagon. Mace ce gajera, za ta yi shekara hamsin da wani abu, da ɗaurin ƙirji na girki da tabarau a kan hanci. Ta gaya mani sunanta sau biyu, harshena ya kasa. Na fara da tambayata ta kullum, wane nama ne. Ta yi dariya ta ce maƙwabtanta Musulmi sun riga sun horar da ita. Kajinta daga wurin mahaucin nan na kusa take saye, kuma tukunyarsu da wuƙarsu da katakon yankansu daban suke. Ta ɗaga labule ta nuna mani.

Na ji daɗi, na ce to yau dai ba shi da hujja. Na karɓi tire guda na kai gaban Baba na dire, a tsakiyar mutane, na tsaya a kansa kamar ɗan sanda.

"Baba, kazar nan Musulmi ya yanka. Na gani da idona. Don Allah ka ci."

Ya dubi tiren, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya dubi matan da ke teburin kusa, ya dube ni. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ashe matar nan tana kallonmu. Ta zagayo tana goge hannu, ta ɗan rusuna a gefensa, ba a gabansa ba, ta ce masa ya ci abinci. Na fassara. Ya ce a gode mata, ya ƙoshi. Na fassara. Ta sake cewa, ya sake ba ta amsa ɗaya. Ta yi na uku. Sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Mahaifinka ne?"

Na ce a'a, amma sa'an mahaifina ne.

"A gidansa, wa yake zuba masa abinci?"

Na ce iyalinsa.

"A ina yake ci?"

Na ce a turakarsa, ko a zaure shi da tsaransa.

"Ka taɓa ganin yana tauna?"

Jama'a, na yi shekara tara ina shiga gidan mutumin nan. Na tsaya na lalubi ƙwaƙwalwata, ban taɓa gani ba. In na je, a kawo mani kwano a zaure, shi kuwa ya ce bari ya duba dabbobi, ya fita. Ni ma haka na taso, ban taɓa ganin mahaifina ya leƙa tukunya ba, balle ya ɗiba. Na san wannan tun ina yaro. Amma na hau jirgi na sa kwat, na bar sanina a Faskari.

Ba ta jira amsata ba. Ta ɗauke tiren daga gabansa ta miƙa mani ta ce wannan nawa ne. Ta shige bayan labule. Na ji ana jan kujeru. Can ta fito ta ce in gaya masa tana roƙon alfarma, akwai wasu tsaba da aka aiko mata, tana so babban manomi ya duba mata su a ciki. Da na faɗa masa, sai ya miƙe ba musu, don aiki aka ba shi.

Na raka shi. Bayan labulen wani ɗan lungu ne inda su masu shagon suke cin nasu abincin. Ta kawar da kujeru ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye wani gajeren tebur. A kai akwai 'yan tsaba a faranti, gaskiya ne. Amma gefensu ga kwanon ruwan wanke hannu da tawul, ga babban kwano a rufe, ga wani ɗan kwando mai murfi, ga burodi an yanka shi ƙanana an rufa masa kyalle. Ba ta ce masa ci ba. Ko kallon kwanon ba ta yi ba. Ta kama hannun rigata ta ja ni waje, ta saki labule, ta kunna rediyo ta ƙara murya.

Ta zaunar da ni a teburin da ya fi nisa, ta sa na juya wa labulen baya. Ta ce, "Kai ma ci. Fuskarka ta nuna."

A nan na ɗanɗani abincinsu, ina ci zuciyata na bayan labule. Burodin dogo ne, bayansa na ƙaras-ƙaras, cikinsa laushi. An tsaga shi an cusa gasasshiyar kaza da karas mai tsami da kokwamba da ɗanyen barkono da wani ganye mai ƙamshi. Cizon farko barkonon ya hau mani kai, sai da na yi atishawa. Miyar kuwa romo ne garau, an dafa shi tun asuba da ƙashin kaza da citta da albasa da wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami, ga taliyar shinkafa fara sol a kwance a ciki. Ana kawo ta da faranti na ɗanyen ganye, na'ana'a da wani mai kama da ɗoɗɗoya, da tsiron wake, ka tsinka ka zuba da kanka ka matsa lemu. Aka ba ni 'yan sanduna biyu na ci da su, na yi ta kokawa taliya na zamewa, har ta tausaya ta kawo cokali mai yatsu. Sai abin sha, shayi da madara mai sanyi, a ƙasansa wasu baƙaƙen ƙwallaye. Na zuƙa ɗaya ta faɗo mani baki, na zabura na ɗauka wani abu ne ya faɗa ciki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce garin rogo ne aka mulmula.

Da ta ga na natsu, ta zauna ta ba ni labari. Tana 'yar shekara goma sha suka iso ƙasar. Mahaifinta babba ne a ƙauyensu, shi ke raba gardama. A wurin da aka fara sauke su, layi ake bi da tire. Ta ce mahaifin nata ya yi kusan wata yana cewa ba ya jin yunwa, har wandonsa ya daina zama. Ma'aikatan suna rubutawa cewa ba ya son abincin. Mahaifiyarta ce ta riƙa ɓoyo nata a zane tana kai masa bayan gini.

Ta ce, "Ina ganin dattijon nan ya shigo, na ga yadda ya zauna ya haɗa hannu, na ga babana."

Na sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a aikin gwamnati, kuma ina gaya maku har da ƙwalla.

Bayan kamar rabin awa muka ji gyaran murya. Baba ya ɗaga labule ya fito, hula a gyare, faranti na tsaba a hannu. Ya ce in gaya mata irin nan biyu masu kyau ne, na ukun ya sha damshi, kada ta shuka. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Babu wanda ya ambaci abinci. Da na saci kallo ta gefen labule, kwanon nan kamar an wanke, kwandon shinkafa mai danƙo da ta sa masa don ya ci da hannu babu ko ƙwaya. Tsiron wake kawai ya ture gefe.

Sai da muka hau bas ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Lawal, romon ga ya yi. Shinkafar kuma kamar tuwo. Amma mi ya sa suke cin wake bayan ya tsira? Wanga ai iri ne, shuka shi ya kamata a yi."

Na yi dariya har mutane suka juyo. Da la'asar nas ta auna, ta ɗaga mani babban yatsa.

Kafin mu bar shagon, matar ta riga ta ƙulla mana wani kwano na dare, ta kuma ja jami'ar gefe ta yi mata magana. Daga ranar, ni ke zuba abincin Baba in rufe, in kai ɗakinsa in ajiye, in ce na zo ɗaukar biro, in fita.

Ranar Alhamis ƙarfe goma Baba Ɗan'azumi ya tsaya gaban cikakken zaure da babbar rigarsa. An ba shi minti ashirin, ya yi kusan awa, babu wanda ya tsayar da shi. Ya kwatanta yadda ake zaɓen zangarniya tun tana gona, da irin itacen da tokarsa ke korar ƙwaro, da yadda ake gane tukunyar da ta sha iska. Ina fassarawa gumi na keto mani, don masu digiri sai tambaya suke jefowa. Da ya gama aka miƙe tsaye ana tafi. Ya juyo ya ce mani, "Su zauna mana, ƙafa ba ta yi masu ciwo?"

Ran da za mu taso ya ce lallai sai an biya da shi shagon. Ya tsaya bakin kanta ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, ita da 'ya'yanta da mahaifinta da ke ƙasa. Na fara fassarawa, ta ɗaga mani hannu ta ce in bari, ta gane.

Da muka dawo na rubuta rahoto shafi goma sha biyu. Darakta ya yaba. Amma sai da na same shi ni da shi na gaya masa abin da ban rubuta ba. Ya ce, "Takardar da ka cika ta tambaye ka abin da ba ya ci. Ba ta tambaye ka yadda yake ci ba. Wannan kai ya kamata ka sani."

Shi ya sa kuke ganin in za mu tara manoma bita, nake damun ku da maganar tabarma da buta da kwanoni masu murfi, kuna gunaguni wai Malam Lawal ya cika tsohon yayi, a ba kowa abinci a leda kawai. Manomi zai zo tun daga Ketare a kan babur, cikinsa ba komai, ka tambaye shi ya ce alhamdu lillahi. Zai ce ya gane bayanin taki alhali bai gane ba, don kada ya ba ka kunya. In abin da bakinsa ya faɗa kawai za ka rubuta, to rahotonka zai yi kyau, mutumin kuma zai koma gida yadda ya zo.

Baba ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah Ya jiƙansa. Bara da kaka na biya gidan, lokacin hanya ta ɗan yi sauƙi. Na tarar da babban ɗansa, Malam Isiya, suna ɗaura dawa. Na ga an ware dami ɗaya an jingine shi daban a bakin rumbu. Na ce wannan fa, na zakka ne?

Ya ce, "A'a, an riga an fitar da zakka. Wannan na matar nan ne."

Na ce wace mata?

Ya ce, "Ta ƙasar da kuka je. Tun shekarar da kuka dawo, duk kaka sai Baba ya ware mata dami. A surfa a yi tuwo ranar kasuwar Faskari, a kai tasha a ba baƙin da mota ta yasar. Ya bar mana wasiyya kada mu fasa. Kuma ya ce kada a tambayi kowa ko yana jin yunwa. A ajiye kwano a rufe, a juya baya."

Na tsaya ina kallon damin nan. Har yau ban iya faɗin sunanta ba, ita ma ba ta san ana yi ba. Malam Isiya ya shimfiɗa mani tabarma a zaure, ya ce, "Malam Lawal, ka ci abinci kuwa?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya shiga gida ya fito da kwano a rufe, ya ajiye gefena, ya ce bari ya je ya duba dabbobi.